Tabaran VR a Makarantun Lafiya: Zai Iya Nuna wa Ɗalibi Abin da Ke Bayan "Sai a Hankali"?

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin ganin likita a Kano ya san irin wannan 'yar hira. Dattijo ne mai hawan jini ya dawo bayan wata uku, alhali mako huɗu aka ɗibar masa. Likita ya auna, ya tarar jinin ya ƙara hawa.

"Baba, ana shan maganin kuwa?"

"To, likita, sai a hankali dai."

Benci cike yake da masu jira, don haka sai likita ya rubuta a kati cewa mara lafiya ba ya bin ƙa'idar shan magani, ya sake rubuta masa wani, a kira na gaba. Abin da ke ƙunshe cikin "sai a hankali" ɗin nan bai shiga kati ba. Kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa na ciki, da yinin kasuwa da ya salwanta a layi, da ranar da aka zauna lissafi tsakanin ƙwayar maigida da cefanen gida, cefane ya rinjaya.

Wasu makarantun horar da likitoci da ma'aikatan jinya a ƙasashen waje sun fara gwada wata dabara domin ɗalibi ya san wannan ɓangaren tun kafin ya hau kujerar likita. Ana ɗaura masa wata na'ura a fuska, sai ya tsinci kansa cikin rayuwar mara lafiya na 'yan mintoci. Wasu na ganin dabarar za ta cike wani tsohon giɓi a karatun lafiya, wasu kuma na ganinta wasa mai tsada. Garin da ke da Jami'ar Bayero, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da makarantun jinya da ungozoma da na fasahar lafiya, ba zai daɗe a wajen wannan muhawara ba, don haka gara a fahimci abin tun kafin masu sayar da na'urorin su iso.

Abubuwa biyun da ake son haɗawa

Na farko shi ne fasahar da aka fi sani da VR. Na'ura ce mai kama da ƙaton tabarau, da ƙananan alluna a gaban idanu, da wasu sassa masu bin motsin kai. In ka waiga dama, hoton ya waiga tare da kai. In ka ɗaga kai, ka ga rufin ɗakin da aka saka ka. Ƙwaƙwalwa kan yi saurin yarda cewa a wurin take. Iri biyu ne ake amfani da su wajen koyarwa. Akwai bidiyon da aka ɗauka da kyamara mai ganin kowace kusurwa, inda mutum ɗan kallo ne kawai. Akwai kuma duniyar da aka zana da kwamfuta, inda yake ɗaukar abu, ya yi magana, ya zaɓi mataki, labarin ya sauya bisa zaɓinsa. Na biyun ya fi tsada nesa ba kusa ba. Fasahar ba sabuwa ba ce, tun 1968 Ivan Sutherland ya haɗa irin wannan na'ura a Amurka. Abin da ya sauya shi ne farashi: bayan Facebook ya sayi kamfanin Oculus a 2014 kan kimanin dala biliyan 2, aka kai ga sayar da samfurin Quest 2 kan dala 299 a 2020.

Na biyu shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke nufi da yanayin rayuwar da ke juya lafiyar mutum, wato halin da aka haife shi a ciki, ya girma, yake zaune, yake aiki, ya kuma tsufa. Kuɗin shiga, ilimi, muhalli, ruwan sha, abinci, hanya, da matsayin mutum a gida da gari duk suna ciki. A 2005 hukumar ta kafa kwamiti kan wannan ƙarƙashin Farfesa Michael Marmot, ya miƙa rahotonsa a 2008.

Binciken da ya fi fito da maganar fili an fara shi ne a 1967 kan ma'aikatan gwamnati maza kusan 18,000 a Landan. An tarar mace-mace tsakanin masu ƙaramin muƙami, irin masinjoji da masu tsaron ƙofa, ya kai kusan ninki uku na manyan jami'ai. Dukansu suna da albashi, dukansu suna ganin likita kyauta. Kuma bambancin kamar matakala yake: kowane mataki ya fi na ƙasansa tsawon rai. Shan taba da sauran ɗabi'u sun bayyana wani ɓangare ne kawai na tazarar. Darasin da masana suka ɗauka shi ne cewa ƙwayar cuta ko hawan jini sababi ne na kusa, amma akwai wani sababin a bayansa.

Yadda abin yake a cikin birni

Ba sai an je Landan ba. A unguwanni da dama na Kano famfo ya daɗe bai kawo ruwa ba, mai garuwa ne madogara, kuma farashin jarka shi ke yanke sau nawa za a wanke hannu da kwano a yini. Ruwan Jakara na kwasar dattin tsakiyar birni, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, musamman na jima, sun daɗe ana kuka da ruwan da suke fitarwa, ga shi kuma ana noman rani a gefen waɗannan magudanai. Kududdufai da kwatocin da suka toshe da leda gidan sauro ne. Matar da ke girki da itace a ƙuntataccen tsakar gida, goyonta na shaƙar hayaƙin da take shaƙa.

Annobar mashaƙo da ta taso a ƙarshen 2022 ta ci gaba cikin 2023 misali ce da har yanzu ba a manta ba. Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma akasarinsu yara ne da ba su kammala allurar rigakafi ba. Allurar kyauta ce. To me ya hana? Nisa na ciki, da rashin sani, da cunkoson ɗaki da ke saurin yaɗa cuta, sannan akwai rashin yarda, wanda shi ma yana da tarihinsa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu, shari'a ta ja har aka yi sulhu da gwamnatin jiha a 2009. A 2003 kuma aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar na tsawon watanni. Ɗalibin da bai san wannan ba, in uba ya ce masa ba za a yi wa ɗansa allura ba, taurin kai kaɗai zai gani.

Ga mata masu ciki lamarin ya fi muni. Ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020 ya nuna mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na duk duniya. Tun 1994 masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka karkasa abin zuwa jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyun farko a gida da kan hanya suke faruwa, inda idon likita ba ya kaiwa.

A kan duk wannan sai a ɗora kuɗi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Daga 29 ga Mayun 2023, da aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na magani suka tashi tare.

Me ya hana a kai ɗalibi unguwa ya gani da idonsa?

Ana kai shi. Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara yi, kuma amsarta ce ta bambanta Kano da wuraren da aka ƙirƙiro dabarar. Karatun likita a Najeriya ya ƙunshi sashen lafiyar al'umma, ɗalibai kan fita zaman aiki a wajen babban asibiti, kamar cibiyar lafiya ta Kumbotso. Masu karatun lafiya a matakin farko kuwa, shiga unguwa da ƙauye shi ne ginshiƙin horonsu. Tun sanarwar Alma-Ata ta 1978 aka amince cewa lafiya daga unguwa take farawa.

Sai dai ziyara tana da iyaka. Da rana ake yinta, an share tsakar gida, an shimfiɗa tabarma, mai unguwa na tsaye. Ɗalibi namiji a soro yake tsayawa, domin gidan matan aure ba a shiga. Ba wanda zai kira ɗalibai ƙarfe biyu na dare su zo su kalli yadda iyali ke yanke shawara kan mai naƙuda. Kuma abin da ke ɗaukar wata shida yana faruwa, kamar yadda mai ciwon sukari ke rage allura kaɗan-kaɗan don ta kai ƙarshen wata, ba ya ganuwa a ziyarar awa biyu. Ga yawan ɗalibai na ƙaruwa: a 2024 gwamnatin tarayya ta ce ta ɗaga gurbin ɗaukar ɗalibai a makarantun lafiya daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara, amma malamai da motocin fita ba su ninka haka ba.

A wannan giɓin ne VR ke neman gurbi. A ɗauka an shirya darasi kamar haka. Ɗalibi ya ɗaura tabarau, ya tsinci kansa a matsayin uwar miji a wani ɗaki cikin lungu. Dare ya raba, surukarta ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Maigida ya yi tafiya, wayar da za a kira shi ba caji domin kwana biyu ba wuta. Za a jira izininsa, ko za a tashi maƙwabci mai adaidaita sahu? An yi ruwan sama, lungun ba ya shiguwa, sai an tallabo ta zuwa bakin titi. Kuɗin da ke ƙullin zane nawa ne? An isa asibiti, ana neman wanda zai ba da jini. Kowane zaɓi yana cin mintoci, agogo kuma na tafiya a gefen ido. Bayan minti goma sha biyar a cire na'ura, malami ya zauna da ɗalibai: a ina aka yi asarar lokaci, wa ke da ikon gyara wannan wurin, me ma'aikaciyar awo za ta iya tsarawa da iyalin tun cikin yana wata shida? Masu koyarwa ta hanyar kwaikwayo sun daɗe da yin ittifaƙi cewa wannan zaman bitar shi ne ainihin darasin.

Irin wannan an yi shi a wasu wurare. A jihar Maine ta Amurka, wata jami'a ta riƙa saka ɗaliban likita cikin jikin wani dattijo ɗan shekara 74 mai raunin gani da ji, su ji yadda takardar da likita ya miƙo ke zama duhu a tsakiya, maganarsa kuma ta zama gunaguni. A Jami'ar Stanford an shirya wani inda mutum ke rasa aiki, ya sayar da kayan ɗakinsa, a ƙarshe ya rasa matsuguni.

Abin da bincike ya tabbatar, da inda hujja ta yi rauni

Wajibi ne a raba abu biyu da masu talla ke yawan cakuɗawa.

Wajen koyar da aikin hannu, hujjar na da ƙarfi kuma ta daɗe. A 2002 wani gwaji a Jami'ar Yale kan likitoci 16 masu koyon tiyata ya nuna waɗanda suka yi atisaye da na'urar kwaikwayo sun fi sauri da kashi 29 cikin 100 wajen aikin cire matsarmama, kuma kurakuransu sun ragu ƙwarai. A nahiyarmu ma an gwada: wani bincike da aka wallafa a 2021 ya yi amfani da wayar hannu da tabarau mai araha wajen sabunta horon ma'aikatan jinya da ungozoma a Legas da Kenya kan farfaɗo da jaririn da aka haifa ba ya numfashi. Ya nuna cewa abin na yiwuwa a asibitoci irin namu.

Wajen sauya yadda mutum ke kallon mara lafiya kuwa, sakamakon gauraye yake. Binciken Stanford da aka wallafa a 2018 ya ba masu goyon baya abin riƙewa: a ɗaya daga gwaje-gwajensa, kashi 82 cikin 100 na waɗanda suka shiga VR sun sa hannu a takardar neman gidaje masu araha, a kan kashi 67 na waɗanda suka karanta labarin a rubuce suka ƙiyasta shi a zuci. Amma a 2021 wasu masana suka tattara bincike 43 suka auna su tare. Suka tarar VR na ƙara irin tausayin da ke taɓa zuciya nan take, amma ba su ga ya ƙara iya fahimtar yadda wani ke tunani da dalilan zaɓinsa ba. Suka kuma tarar bai fi hanyoyi masu araha ba, irin karanta labarin mutum da sa kai a matsayinsa.

Wannan bambancin shi ne zuciyar maganar. Abin da dattijon nan mai hawan jini ke buƙata daga likita shi ne ya gane lissafin da ya sa ya rage ƙwaya, ya nemo masa mafita. Tausayin zuci kaɗai ba ya kai ga nan.

Akwai ma gargaɗi daga wani fannin. A wani bincike da aka wallafa a 2015 an rufe wa masu gani idanu na ɗan lokaci domin su ɗanɗani makanta. Da aka buɗe, sai suka riƙa ganin makafi ba za su iya aiki ko zaman kansu ba, fiye da yadda waɗanda ba a rufe wa ido ba suke gani. Dalilin a fili yake: firgicin mintin farko suka ɗanɗana, ba su ɗanɗani ƙwarewar wanda ya shekara ashirin yana ratsa kasuwar Kurmi da sandarsa ba. Haka darasin talauci zai iya kasancewa. Ɗalibi ya fito yana ganin talaka mutum ne da komai ya gagare shi, alhali matar da ke riƙe da gida da adashi da sana'ar ƙosai ta fi shi iya tattali.

Hujjojin ɓangarori biyu, a ma'aunin Kano

Masu goyon baya na cewa gani ya kori ji. Darasin allo kan yanayin rayuwa jerin kalmomi ne da ake haddacewa don jarrabawa a manta. Na'ura na ba kowane ɗalibi darasi iri ɗaya, a maimaita shi sau nawa aka so, ya yi kuskure ba tare da rai ya salwanta ba, kuma ba a mayar da gidan wani wurin kallo ba. Wannan na ƙarshe hujja ce mai nauyi, domin iyalan da ke kusa da cibiyoyin horo kan gaji da amsa tambayoyi iri ɗaya daga ayari bayan ayari.

Masu ja kuma na da tambayar da ba a cika yi a Amurka ba: wa za a koya wa talauci? Da yawa daga ɗaliban jinya da na lafiya a matakin farko a Kano daga waɗannan unguwanni suka fito. Sun sayi ruwan garuwa, sun yi karatu da fitilar waya, wataƙila sun raka mahaifiya asibiti cikin dare. A ƙasar da ƙididdigar hukuma ta 2022 ta nuna mutum miliyan 133, kashi 63 cikin 100, na cikin talauci ta fuskoki da dama, ɗaura wa irin wannan ɗalibi tabarau don ya ga rashi abu ne da ke buƙatar bayani.

Hujjar tana da ƙarfi, amma ba ta rufe maganar ba. Ajin ba iri ɗaya ba ne: akwai wanda ya tashi a Nassarawa GRA, akwai wanda ya zo daga kudu yana koyon Hausa a bakin gadon mara lafiya. Wanda ya san talauci ma, ta fuska ɗaya ya san shi. Saurayi bai san abin da amarya 'yar shekara goma sha bakwai ke ji ba in za ta nemi izinin zuwa awo, mai ƙafa bai san matakalar asibiti ba kamar mai keken guragu. Sannan sanin abu a gida daban, iya amfani da shi a ɗakin duba marasa lafiya daban. Horon asibiti kan koya wa ɗalibi ya ajiye abin da ya sani a ƙofa, ya tambayi ciwo kawai. In haka ne, darasin da ya dace da Kano ba na buɗe ido ba ne, na atisaye ne: yadda ake tambayar dattijo halin aljihunsa ba tare da an kunyata shi ba, da abin da za a yi da amsar.

Akwai hujja ta uku, daga malamai masu ganin cewa manufar daidai ce amma na'urar ba dole ba ce. A jihar Missouri ta Amurka an daɗe da tsara wani wasan kwaikwayo inda mahalarta ke zama iyalai masu ƙaramin ƙarfi, a ba su kuɗin takarda, su bi teburan da ke wakiltar makaranta da kanti da ofisoshi, su ga ko za su kai ƙarshen wata. Ɗaki da kujeru kawai yake buƙata. Garin da wasan kwaikwayo ya zama sana'a ba zai rasa masu iya wannan ba.

Kuɗi, wuta, da mai labarin

Tabarau na dala 300 ya haura naira 300,000 tun kafin kuɗin dako da kwastan, wato fiye da albashin wata huɗu na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Batirinsa kimanin awa biyu yake yi. Masu amfani da lantarki da aka sa a rukunin A, wato waɗanda ake ba wuta awanni mafi yawa a yini, sun ga farashi ya tashi zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024. In tabarau ya lalace, gyaransa ba kamar na waya ba ne da za a kai Farm Centre a karɓo da yamma. Wasu mutane kan ji jiri ko tashin zuciya in sun ɗaura shi, kuma abin da ke yawo daga fuska zuwa fuska dole a riƙa goge shi, musamman lokacin ciwon ido. Hanya mai sauƙi ita ce a saka wayar ɗalibi cikin akwatin roba ko kwali mai gilasai biyu, irin wanda Google ya fito da shi a 2014. Ingancin bai kai ba, amma bidiyon kallo na tafiya a kai.

Duk wannan ƙaramin lissafi ne in aka gwada da tsadar abin da za a zuba a ciki. Darussan da ake sayarwa yanzu an gina su ne kan rayuwar wasu: takardun inshora, motar bas da ta wuce, unguwar da babu kantin kayan lambu. Ba kishiya a ciki, ba mai maganin gargajiya, ba kemis ɗin bakin layi da ke ba da bashi, ba maƙwabcin da zai tashi cikin dare ya kunna adaidaita sahu ba tare da ya tambayi ko sisi ba. Sayen irin wannan darasi koya wa ɗalibi matsalar wata ƙasa ne. Dole a shirya na gida, da Hausa. Masu kyamara da 'yan wasa akwai su a Kannywood, amma rubutun ba nasu kaɗai ba ne, ba kuma na malaman jami'a kaɗai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: masu sikila, matan da suka sha wahalar haihuwa, ungozomomin gargajiya, da ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman su ne za su ce wannan haka yake, wancan ƙari ne. Kuma a biya su, domin aikin ƙwararru suka yi.

Akwai batun mutunci. Kyamarar da ke ganin kowace kusurwa ba ta barin komai: gadon mutum, tukunyarsa, fuskar 'ya'yansa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake tsananta kariyarsu, kuma bidiyon da ya shiga wayoyin ɗalibai ɗari ba a iya dawo da shi. Shi ya sa 'yan wasa da ɗakin da aka shirya suka fi gidan gaske aminci. Haka nan a guji laƙaba wa unguwa ɗaya sunan ƙazanta ko jahilci, kar ɗalibi ya ga adireshi a kati ya yanke hukunci kafin mara lafiya ya buɗe baki.

Ta fuskar doka kuwa ƙofa a buɗe take. Sabon tsarin manhajar jami'o'i da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fitar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da yankinta.

Abin da mai zuwa asibiti zai gani a ƙasa

In darasin ya yi aiki, sauyin ƙarami ne a ido amma yana da tasiri. Likita zai tambayi dattijon daga ina ya taso, nawa ya kashe, wa ke saya masa magani. Daga amsar zai iya zaɓar ƙwaya mai araha da ake sha sau ɗaya a yini, ya haɗa masa gwaji da ganin likita a rana ɗaya, ko ya mayar da awon jininsa ƙaramin asibitin unguwarsu. Ma'aikaciyar awo za ta nemi ganin miji ko uwar miji tun da wuri, a ajiye izini da lambar mai abin hawa da sunan mai ba da jini kafin ranar. Za a tura wanda ya cancanta ofishin jin daɗin marasa lafiya, ko a duba ko zai shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, KSCHMA, ko asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa.

Iyakar abin ma a bayyane take. Tabarau ba ya kawo ruwa a famfo, ba ya rage layin da ya sa likita ke da minti biyar kan kowane mutum. Ma'aikacin da aka koya wa tambaya amma ba shi da inda zai tura mai amsa, nauyi aka ƙara masa, a lokacin da abokan aikinsa ke ficewa zuwa Saudiyya da Ingila. Kuma naira miliyan da ta tafi sayen na'ura ita ce ba ta tafi man motar fita unguwa ba. Makarantar da ta rage zaman Kumbotso don ta sayi tabarau ta yi musanyen asara, tunda unguwar gaske tafiyar rabin awa ce daga aji.

Akwai hanyar raba gardama da ba ta fi ƙarfin kowace makaranta ba. A raba aji uku: wasu su yi darasin da VR, wasu da wasan kwaikwayo na kujeru da kuɗin takarda, wasu da karatu da ziyara kamar yadda aka saba. Kada a tsaya kan tambayarsu ko darasin ya burge su, domin sabon abu kan burge kowa. A bari sai bayan wata shida, a jarrabawar aiki da ake zaunar da mai kwaikwayon mara lafiya, a kawo dattijo mai hawan jini wanda aka ce masa kada ya faɗi komai game da kuɗi sai an tambaye shi. In ya ce "sai a hankali dai", mai jarrabawa ya ƙirga ɗalibai nawa daga kowane rukuni suka ajiye biro suka ce, "Baba, me ya faru?", nawa kuma daga cikinsu suka sauya abin da za su rubuta bayan sun ji amsar.